Medisin na nema, Agirik aka ba ni

Shekaranjiya bayan isha'i ƙanena ya kira ni muryarsa duk ta canza kamar wanda aka yi wa rasuwa, har gabana ya faɗi nace kai lafiya, su Inna lafiya? Yace lafiya lau Yaya, admishan ne ya fito. Nace to Alhamdulillahi mana, ba shi muke ta roƙo ba? Yayi shiru, can yace "Yaya ba Famasi bane fa, Botani ne," wato ilimin tsirrai. Wallahi da na ajiye wayar na daɗe zaune ban iya komai ba, don muryar nan na santa, tawa ce a ƙarshen 2017 lokacin da na fito daga kafe a Funtua riƙe da takarda an rubuta Agirik a inda na shekara biyu ina jiran in ga Medisin.

Ni ɗan wani ƙauye ne kusa da Funtua, kuma tun ina SS2 ba a kirana da sunana, Dakta ake ce min, tun daga tsofaffin ƙofar masallaci har yaran da ke tallar awara. Kowa ya riga ya yanke cewa garinmu zai samu likita. Na rubuta JAMB sau biyu, na biyun naci 231, ni a lokacin gani nake na kai, amma gaskiyar magana masu neman Medisin a Jami'ar Ahmadu Bello (ABU) Zariya sun fi ni maki nesa ba kusa ba kuma gurbin kaɗan ne, babu wanda ya zalunce ni. Da na kai wa Baba labari murna yayi sosai, washegari ya sa aka fitar da buhunan masara aka kai kasuwa don kuɗin rajista. Mutanen gari ne suka ƙarasa ni. Wani yace "noma kuma? ai da ka zauna gida Babanka ya koya maka kyauta." Wata gwaggona tace in dai je in fara, ai ance ana canjawa. Wannan kalma ta ana canjawa ita na ƙulle a bakin zani na tafi da ita Samaru, kuma ita ta cinye min shekara guda cur.

Duk wanda ya taho daga Funtua ya san hanyar, ka wuce Giwa sai Shika sai Samaru, kuma a Shika asibitin koyarwa na jami'ar yake a bakin titi. Kenan duk zuwa duk komawa sai motarmu ta wuce ta gaban wurin da nake ganin nan ne nawa, in ga ɗalibai da fararen riguna suna tsallaka titi, in kau da kai. Ranar farko da na shiga ta babban get na ga dogon ginin Sanet da manyan bishiyoyi da mutane kamar ranar kasuwa, ga Yarabawa ga Igbo ga Tibi ga Nufawa ga Barebari, sai naji na zama ɗan mitsitsi. Jami'a ce da aka buɗe tun Oktoban 1962 da sunan Sardauna, tana da haraba a Samaru, wata a Kongo inda 'yan Shari'a suke, ga Shika, kai gari ce guda. A sakandarenmu firinsifal ya san sunana da na Babana. Anan ko ka kwana uku baka fito ba babu wanda zai lura, sai dai in kai ka nemi mutane, ni kuma ban nema ba. Na kama ɗan ɗaki a Hayin Dogo ni kaɗai da katifa da risho da tukunya biyu, in je lakca in dawo in rufe ƙofa.

Ɗan 100 lebul na Agirik kusan duk karatunsa na kimiyya ne zalla, Kemistiri da Fiziks da Bayoloji da Lissafi, ga su GENS, darussan gama-gari da kowane ɗalibi yake yi, kuma a manyan ɗakunan lakca ake yi tare da 'yan wasu kwasa-kwasan, ɗaruruwan mutane a wuri ɗaya. Wanda yake son jin malami da kyau tun bayan asuba yake zuwa ya kama kujerar gaba, wasu ma littafi suke ajiye wa abokansu. Ni can baya nake zama. In an tambaye ni wane kos nake sai ince "Agirik ne amma zan canja," ban taɓa iya faɗin Agirik in tsaya ba sai na haɗa da amma. Na sake sayen fom ɗin JAMB a ɓoye da kuɗin da aka bani na abinci, da rana ina lakca da rabin zuciya da dare ina bitar tambayoyin JAMB na baya, taura biyu nake son taunawa lokaci guda. Ga kuma matsalar Turanci, wadda bana jin ana yawan faɗinta. Ni ina karantawa in gane, in rubuta daidai gwargwado, amma in buɗe baki a gaban mutum ɗari biyar in ce ban gane ba, ina, ai gara in koma ɗaki da rashin ganewar. Mu da muka fito daga makarantun gwamnati na karkara da yawanmu haka muke, malamin Fiziks ɗinmu na sakandare da Hausa yake mana bayani, sai gashi yanzu mutum yana zuba Turanci a lasifika yana goge allo kafin ka gama kwafa.

Da sakamakon simesta ta farko ya fito naga F a Lissafi da F a Fiziks, sauran C da D, GP ɗina, wato matsakaicin makina, bai kai biyu da rabi ba. Simesta ta biyu ba ta fi ta farko da wani abin kirki ba, na rufe shekarar da 2.3. JAMB ɗin da na ɓata lokaci a kai ma abin da naci bai kai na baya ba. Canjin kos kuwa da nake ta ambato, sai a lokacin na gane cewa sai mai GP mai ƙarfi sosai ake ma duba takardarsa, wato ƙofar da nake zaune ina jira a buɗe min ni da hannuna na sa mata kwaɗo.

Wanda ya fara zaunar da ni wani ɗan 400 lebul ne na fakaltinmu, mutumin wajen Kontagora, muna haɗuwa a masallaci. Ya ganni bayan isha'i na haɗa kai da gwiwa yace ɗan'uwa zo nan, me ya faru. Na nuna masa. Bai yi min wa'azi ba bai kuma ce min kar in damu ba, biro ya ciro ya juya bayan wata takardar fotokwafi ya fara lissafi. Yace kaga kowane kos yana da nauyinsa, kiredit 1 ko 2 ko 3. A daga maki 70 ne zuwa sama tana da 5, B tana da 4, C tana da 3, F kuwa sifiri. Ana ninka wannan da nauyin kos ɗin, a tara duka, a raba da jimlar kiredit ɗin da ka yi rajista. To F a kos mai kiredit 3 ba ta ƙara maka komai a sama amma ukun nan suna nan a ƙasa ana raba makinka da su, kuma ko ka dawo ka ci keri-oban, wato kos ɗin da ka faɗi ka maimaita, da A waccan F ɗin ba ta goguwa daga lissafi. Ya rubuta min matakan digiri, 4.50 Fes Kilas, 3.50 tu-wan, 2.40 tu-tu, ya ja layi ƙarƙashin 3.50 yace daga inda kake, in kana son ka taɓa nan sai ka riƙa cin kusan 3.8 duk shekara har ka gama, ba zai gagara ba amma ba sauran wasa. Sannan ya faɗi maganar da har yau take kaina, yace shekarar farko ita ce mafi arha, don abin da ake koyarwa rabinsa ka taɓa gani a sakandare, wanda ya tara maki a nan yana da abin da zai ci a 300 lebul lokacin da abubuwa suka yi tsauri. Ni na riga na zubar da tawa. Takardar nan tana cikin fayil ɗina har yanzu ta yi ja.

Shi ya kai ni tutoriyal da 'yan MSS, ƙungiyar ɗalibai Musulmi, suke shirya wa ƙananan aji ranar Asabar da Lahadi, inda ɗalibi ɗan'uwanka zai tsaya a allo ya warware maka abin da ya gagare ka, in ka ce baka gane ba ya sake, in ta kama ya juya Hausa ko Pidgin. Ƙungiyoyin ɗalibai Kirista ma suna yin nasu, haka ƙungiyoyin jihohi, kuma ba a karɓar ko sisi a yawancinsu. Duk wannan yana nan tun ranar da na zo, ina Hayin Dogo na rufe ƙofa.

A 200 lebul na samu gado a ɗakin kwanan ɗalibai na ICSA, kuma in ance in faɗi inda na fara zama ɗalibin jami'a na gaske to nan ne. A ɗakinmu akwai wani Batibi daga Binuwai ɗan Injiniya, akwai Bayarabe ɗan Ilori, akwai wani ɗan Gashuwa. Sati biyu na farko kowa da tukunyarsa, kafin wata ya ƙare mun haɗe. Ni ke kawo garin masara da kuka da daddawa da yajin Inna da ƙuli, Batibin nan in ya dawo hutu da doya yake zuwa har sai mun je tasha mun taya shi ɗauka, ɗan Gashuwa kuma busasshen kifi. Ƙarshen wata in aljihu ya bushe sai garau-garau, in ya ƙara bushewa sai a jiƙa garin kwaki da ƙuli a sha a kwanta, kuma ban tuna ranar da ɗayanmu ya ci shi kaɗai wani yana kallo ba. Da azumi Batibin nan shi yake dafa mana abin buɗa baki in muna da firaktikal har yamma, ranar Lahadi in ya tafi coci mu muke ɗebo masa ruwa. Shi ne ya koya min Lissafin da na faɗi, a kan katifa, da sharaɗin in riƙa amsa masa da Turanci komai karyewarsa, ni kuma ina koya masa Hausar cinikin kasuwar Samaru. Cikin wata uku bakina ya buɗe. Na ci keri-oban nan da B.

Sai karatun dare. Laburaren Kashim Ibrahim da rana, in an matso jarabawa samun kujera a ciki sai wanda ya yi sammako, da dare kuma sai azuzuwa, abin da ake kira TDB wato har gari ya waye. Wanda bai yi hunturu a Samaru ba ba zai gane ba, ƙarfe uku na dare iska tana shigowa ta tagar aji kamar ana yanka ka da reza, kowa ya naɗe da bargo da hular sanyi da safa, wani ya kifa kai a benci yace a tashe shi bayan minti goma. Mu fita wajen mai shayi a haɗa mana kauri da indomi ɗaya mu raba. Ra'ayina dai TDB ba dabara bace in ba ka yi karatu tun farkon simesta ba, na ga waɗanda suka kwana a aji suka shiga jarabawa kai ya ɗauki zafi suka kasa tuna komai. Abin da ya yi min aiki shi ne mu biyar mu zauna da tambayoyin shekarun baya kowa ya ɗauki ɗaya ya koyar da sauran, abin da ka koya wa wani ba ya gudu.

To amma duk wannan gyaran maki ne, zuciyata ba ta sauka a kan kos ɗin ba sai da muka koma ɓangaren fakaltinmu kusa da Cibiyar Binciken Aikin Gona, IAR. Wata rana a lakcar amfanin gona malami yana lissafo irin masara yana cewa SAMMAZ kaza SAMMAZ kaza, sai ya tsaya yace kun san me SAM ɗin nan take nufi? Samaru ce. SAMMAZ masara, SAMSORG dawa, SAMPEA wake, SAMNUT gyaɗa, SAMCOT auduga, duk daga nan inda kuke zaune suka fita. Jikina yayi sanyi, don ni na sha ganin kalmar nan a jikin 'yar jakar irin da Baba yake sayowa a Funtua, ina ɗauka wani kamfanin Turawa ne. Ashe wurin ya girmi jami'ar kanta, tun 1922 ake binciken noma a Samaru. Audugar da ta gina Funtua, masarar da aka sayar aka biya min rajista, ashe akwai hannun mutanen da nake wucewa a baranda ina ƙin gaishe su da zuciya ɗaya saboda ba likitoci bane. A ƙarshen 2019 muna makaranta aka fitar da SAMPEA 20-T, waken da tsutsar da ke huda kwanso ba ta iya masa ɓarna kamar sauran, ana ta muhawara a kai a ƙasa baki ɗaya masu yabo da masu tsoron irin da aka sauya wa halitta, mu kuwa waɗanda suka yi aikin suna shigo mana aji muna tambayarsu ido da ido.

Akwai wani dattijon malami da ya fita da mu gona ya tsuguna da kansa, farfesa guda, ya tono wuta-wuta da saiwar dawa ya ɗaga mana. Furen nan mai kyau ja-ja da na taso ina gani a gonarmu ta tudu ina ɗauka ciyawa ce kawai, sai gashi saiwarta ta manne a jikin ta dawa tana tsotsa. Yace kafin ku ganta a sama ta riga ta gama ɓarnar a ƙasa, tsiro ɗaya yana zubar da dubban 'ya'ya ƙanana kamar ƙura, su kwanta a ƙasa shekaru suna jira, ba sa tsirowa sai sun ji wani sinadari daga saiwar hatsi. Waken suya ma yana fitar da abin da ke tashinsu, su tsiro su rasa inda za su kama su mutu. Na ɗaga hannu a karon farko a rayuwata ta jami'a nace Malam gonar Babana ta tudu haka take, mun bar shuka masara a cikinta. Ya dube ni yace to kai me kake jira?

Abin da ya bani dama kuwa ba abin daɗi bane. A Maris ɗin 2020 ƙungiyar malaman jami'a ASUU ta shiga yajin aiki ga korona ta rufe komai, ba a janye ba sai Disamba, damina guda muna gida. Da yawa daga cikin abokaina sun shiga damuwa sosai, ni ma watan farko kwanciya kawai nake. Da ruwa ya sauka na samu Baba nace ya bani gonar tudun nan da wani ɗan yanki a ta fadama in gwada abin da aka koya mana. Yayi murmushi yace "to manomin takarda, ga ta nan." Ta tudu na zuba mata waken suya. A ɗaya yankin, inda na shuka masara, na ja igiya, tsakanin kunya da kunya santimita 75, tsakanin rami da rami 25, tsiro ɗaya a kowane rami, wanda in ka lissafa ya haura dubu 53 a hekta. Mu a gida taki guda ake yi a jefa ƙwaya uku ko huɗu. Masu wucewa suna tsayawa suna kallona da igiya da ɗan sanda, wani yace yaron nan gona yake ko ɗinki. Takin kamfa na sa da wuri kafin sati biyu, yuriya kuma wajen sati biyar zuwa shida, kuma ban watsa a sama ba kamar yadda muka saba, rami nake yi a gefen tsiron in zuba in rufe, don yuriya in ta zauna a fili rana da iska suna kwashe kaso mai yawa na amfaninta. Wahala kam na sha, bayana kamar zai ɓalle, ƙanen nan nawa shi ke bina da kwanon taki yana ƙunƙuni. Tsutsar nan mai cin zuciyar masara da ta shigo ƙasar a 2016 ita ma ta leƙo, amma da yake kullum da safe ina zagayawa ina buɗa kunnen masarar na ganta tun tana ƙarama muka yi feshi da yamma.

Ranar da aka sussuka aka auna, ɗan yankin nan nawa ya ba da abin da ya kusa ninka na gefensa mai girma ɗaya. Baba bai ce komai ba a gonar. Da daddare ina kwance naji shi a tsakar gida yana ce wa Inna a ajiye igiyar yaron nan kar yara su yi wasa da ita. Bara waccan da na je gida na tarar maƙwabtanmu biyu sun yi irin igiyar nan da ƙulli-ƙulli a jiki. Gonar tudu kuwa Baba ya maimaita mata waken suya a 2021 da yaga yayi kuɗi, da aka sake shiga yajin aiki daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoban 2022 ina gida muka mayar mata da masara. Wuta-wutar ba ta ƙare ba, kar in yi ƙarya, amma ta ragu ƙwarai, wadda ta fito muka bi muka tuge kafin ta yi fure muka ƙone.

Ba ina cewa yajin aiki alheri bane. Kos ɗin shekara 5 ya kusa cinye mana 7, akwai 'yar ajinmu mai ƙoƙari sosai da aka yi wa aure a na 2020 ba ta dawo ba, akwai waɗanda suka shigo da shekaru suna ta lissafin kar su haura 30 su rasa bautar ƙasa, masu haya a waje sun biya kuɗin ɗakin da ba su kwana ciki ba. Malaman ma watanni suka yi ba albashi a 2022, na san wanda na gani da idona yana sayar da ƙwai a bayan motarsa. Da muka dawo kuma aka cire tallafin mai a Mayun 2023, kuɗin mota daga Funtua da kwanon shinkafa da komai ya tashi, tukunyar haɗin gwiwar nan ita ta riƙe da yawanmu. A haka muka yi shekarar firaktikal, kowa da ɗan filinsa da zai nome da hannunsa, a zagaya da kai wajen kaji da shanu da ɗakin gwajin ƙasa, 'yan matan birni da basu taɓa riƙe fartanya ba hannu ya yi kanta amma wallahi wasunsu filinsu ya fi na mu 'yan ƙauye kyau don su abin da aka ce shi suke bi, mu kuwa muna ganin mun iya.

Na gama da 3.46. Abin da ya raba ni da tu-wan bai kai rabin ɗigo ɗaya cikin goma ba, 0.04, kuma na san daidai inda na baro shi, yana can a kujerar baya ta ɗakin lakca a 2018. Ya yi min ciwo kuma har yanzu yana yi, don sau biyu ina ganin tallafin karatun digiri na biyu da ya dace da ni sak, in karanta sharuɗɗa in ga tu-wan ake nema in rufe shafin. Masu cewa sakamako ba komai bane, ilimi ne kawai, ina jin basu taɓa tsayawa a bakin irin wannan ƙofar ba.

Abin da ke ƙona min rai shi ne yadda mu a gida muke jera kwasa-kwasai kamar sarauta, Medisin da Shari'a da Injiniya a sama, sauran duk "abin da aka samu." Yaro ya ci jarabawa ya samu gurbi a jami'ar da dubbai suka nema basu samu ba, maimakon barka sai a tare shi da "ba komai, Allah ya sa haka ne mafi alheri" da irin muryar da ake ta'aziyya. Da wannan muryar yake shiga aji. Ina girmama likitoci, kuma wanda ya tabbata a ransa in ba Medisin ba ba zai iya ba, to ya zauna gida ya sake JAMB da gaske da dukkan ƙarfinsa, wannan ma hanya ce mai mutunci. Wanda kuma ya karɓi gurbin ya je ya yi rajista da kuɗin masarar ubansa, to ya shiga da ƙafa biyu, ko canjin yake so ta nan hanyar take. Tsayuwa a tsakiya ita ce ta cuce ni, kuma na ga ta cuci wasu fiye da ni, akwai wanda muka shigo tare yana jiran canji har aka sallame shi a 200 lebul.

Jiya na sake kiran ƙanen nawa muka yi kusan awa guda. Ban ce masa Botani ta fi Famasi ba, don ba haka yake son ji ba kuma ba zai yarda ba. Na dai tuna masa wuta-wutar da muka tuge tare, nace gano yadda take jin saiwar dawa a cikin ƙasa yana cikin irin karatun da aka ba ka. Na ce masa ya zaɓa, in zai sake JAMB ni zan saya masa fom in kuma yi wa Baba bayani da kaina, in kuma zai tafi to ba maganar amma. Yace in bashi kwana biyu. Ɗazu da safe ya turo min saƙo yana tambaya wai katifa ƙarama ake zuwa da ita ko babba, kuma da gaske ne sai an yi sammako ake samun kujerar gaba? Nace ƙarama, kuma da gaske ne. Ranar rajista ni zan kai shi, na riga na ciro takardar nan da ta yi ja daga fayil na sa a aljihun jakata, in mun wuce Shika zan miƙa masa.